Wa Zai Riƙe Mana Malamin Lissafi?

Ina gaida iyayenmu da ƴan'uwanmu na Sarkin Yamma, da maƙwabta na Safo da Jiratawa da Gabi da Ɗan Isa da Madarunfa, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a zaure ko a bakin gulbi. Shirinmu na yau a kan mutum ɗaya yake, wanda yara ke ce wa mushe: malamin lissafi na kolej.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Yaro ya dawo da takardar sakamako, lissafi ya kayar da shi, sai uba ya girgiza kai ya ce, "Ai mu kanmu ba na lissafi ba ne." Baba, ka yi haƙuri, ban yarda da wannan magana ba, kuma shaidata tana kasuwa.

A ce tiyar hatsi dala 120 ce. Inna ta auna tiya bakwai. Kafin mai awo ya karkaɗe hannunsa ta riga ta ce masa jika huɗu da dala arba'in. Ba ta riƙe alƙalami ba, ba ta taɓa shiga aji ba. Ku dubi abin da ta yi a cikin ranta: ta ninka 120 sau bakwai ta samu 840, ta san dala 200 ke yin jika, ta fitar da jika huɗu, ta bar arba'in. In ta miƙa takardar kuɗi, lambar da ke jiki faranka ce, ita kuwa da dala take ƙirgawa, don haka kullum sai ta raba da biyar ko ta ninka da biyar. Duk ɗan Nijar da ya tashi da Hausa a baki haka yake yi tun yana tallan ƙosai. Ɗan wannan inna ne fa za a ce kansa ba ya ɗaukar lissafi?

To ina gizo ke saƙar? Yaron ya shiga lakkwal, sai ya tarar da lambobin da ya sani sun sauya suna, an koma Faransanci. Yana kokawa da harshe, yana kokawa da darasi, lokaci guda. A firamare yakan lallaɓa da hadda. Da ya shiga sizyam, aka fara ɓangarorin lamba, daga baya aka kawo harufa a madadin lambobi, hadda ta ƙare. Sau da yawa yaron da ya kasa amsa tambayar jarrabawa ba lissafin ne ya gagare shi ba, jimlar ce bai gane ba. Karanta masa ita da Hausa ka ga ikon Allah. Shekaru huɗun nan na kolej, daga sizyam zuwa turwaziyam, a nan muke asarar yaranmu, kuma a nan ne malamin lissafi ɗaya tak kan sauya wa aji guda hanya.

Malamin da ya san aikinsa ba ya jiran a gina masa ɗakin gwaji. Yana fitar da yara waje da hantsi, ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, a auna inuwarta, a ce ta ba da mita ɗaya da rabi. A auna inuwar gawon da ke bakin fili, a ce mita 18. Sai ya tambaya, tsawon gawon nawa ne? Ba wanda ya hau bishiya, amma yaro zai ce mita 12, kuma ya yi daidai. Wannan shi ne darasin Talas da ke firgita masu shirin birbe, jarrabawar ƙarshen kolej. Ko ya kai su inda ake gini, su ga magini yana fitar da kusurwar ɗaki da igiya: santimita 60 ta nan, 80 ta can, in tsakaninsu ya ba da 100 cif, kusurwa ta miƙe. Maginin bai san sunan Fitagoras ba, amma da ƙa'idarsa yake cin abinci.

Lissafin gona ma ya fi kusa da mu. Masu binciken noma na ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, tare da na INRAN waɗanda muke da cibiyarsu nan Tarna, sun daɗe suna koya wa manoma zuba taki kaɗan-kaɗan a ramin shuka maimakon watsa shi a gona. Giram 6 na takin NPK a kowane rami, kimanin cikin marfin kwalbar lemo. In ka shuka hatsi mita ɗaya tsakanin rami da rami, hekta ɗaya na ɗaukar ramuka 10,000. Sau giram 6, kilo 60 ke nan, wato buhu ɗaya na kilo 50 da ƙarin kilo 10. In gonarka hekta ɗaya da rabi ce, kilo 90 kake bukata. Ɗan sankiyam, aji na biyu na kolej, zai iya yi wa ubansa wannan lissafi a bayan kwali, ya hana shi sayen abin da ya wuce bukata ko ya gaza. Ranar da yaro ya yi wa gidansu wannan aiki, daga ranar uban ya daina kallon lakkwal a matsayin wurin ɓata lokacin noma.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Akwai kuma masu cewa lissafi ilimin Nasara ne. A nan ina son malamanmu na zaure su ba ni kunnensu, don su ne shaiduna. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji ɗaya da ɗiya ɗaya. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara. Malam zai nemi lambar da takwas ke raba ta, shida ma ke raba ta, ya samu 24. Matar kashi 3, uwar kashi 4, saura 17. Namiji na ɗaukar rabon mata biyu, 17 kuwa ba ta rabuwa gida uku. Sai malam ya ninka asalin sau uku ya koma 72: matar 9, uwar 12, ɗan 34, ɗiyar 17. Ku tara ku gani, 72 daidai. Abin da malam ya yi a kan buzunsa shi ne darasin da mushe ke fama da yara a kansa a sizyam da sankiyam. Kuma ba dacewa ba ce kawai. Littafin da Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda aljabara ta samo sunanta daga gare shi, babban ɓangarensa a kan wasiyya da rabon gado yake.

Kada ma mu yi nisa. Mu mutanen Maraɗi Katsinawa ne. Gidan sarautar Katsina ne ya taso ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, bayan jihadi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. To a Katsina aka yi wani malami, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari. Ya tafi aikin hajji, ya zauna Misira, kuma a 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, irin uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, a tsaye da a kwance da a karkace. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan babban malami Hasan al-Jabarti. Har yau masu nazarin tarihin lissafi a jami'o'in duniya suna ambatonsa. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan, ɗan ƙasar Katsina yana koyar da lissafi a Alƙahira.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna. Me ke sa mutumin da ya iya lissafi, wanda banki ko kamfanin waya ko ƙungiyar agaji za su iya ɗauka da albashi mai tsoka, ya zaɓi alli da ƙurar aji? Amsar da na fi gamsuwa da ita tana cikin rayuwar wani ɗan jiharmu.

An haifi Abdu Mumuni Joffo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, daga nan Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a kimiyyar fizik, jarrabawar da Faransa ke tace manyan malamanta da ita, kuma shi ne ɗan Afirka ta Yamma na farko da ya haye ta a wannan fanni. Mai irin wannan takarda ƙofofi a buɗe suke masa a Turai. Shi kuwa ya dawo ya shiga ajin lise a Dakar. A 1958, da mutanen Gine suka ce a'a ga jagoran Faransa De Gaulle a ƙuri'ar raba gardama, Faransa ta kwashe ma'aikatanta da malamanta, makarantu suka zama wayam. Abdu Mumuni yana cikin matasan Afirka da suka tattara kayansu suka tafi Konakiri don kada azuzuwan su mutu. Ku tsaya a nan kaɗan, jama'a. Ba umarni aka ba shi ba, kuma ya san tafiyar za ta ɓata shi da masu mulki na lokacin. Ya ga yara ba malami, ya tafi.

Ya koyar a Yamai, sannan ya je Tarayyar Sobiyet ya zurfafa a ilimin makamashin rana, ya zo Bamako ya kafa ɗakin binciken hasken rana yana kuma horar da malamai. A 1969 ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, har 1985. A can aka riƙa ƙera na'urar ɗumama ruwa da murhun girki da na'urar tace ruwa, duka da rana. Ranar da muke kuka da ita a watan bazara, shi arziki ya gani a cikinta, shekaru da dama kafin faranti mai kama hasken rana ya hau rufin shagunanmu. Ya riƙe shugabancin jami'ar Yamai daga 1979, bai kuma bar koyarwa ba har ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991. Shekara guda bayan haka aka raɗa wa jami'ar sunansa.

Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne littafinsa, L'Éducation en Afrique, wanda ya fito a 1964. A ciki ya tona yadda makarantar mulkin mallaka aka gina ta don samar da akawu da tafinta, ya kuma nemi a koyar da yaran Afirka da harsunansu, a haɗa makaranta da aikin da jama'a ke rayuwa da shi. Mutumin da ya kai ƙololuwar karatu da Faransanci shi ne ya faɗi haka, don ya tsaya a gaban allo ya ga inda yaro ke tuntuɓe. Nijar ta gwada: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. A 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Ni dai a ganina wannan doka ba za ta isa ajin Sarkin Yamma ba sai an buga littafin lissafi da Hausa an kuma horar da malamin da zai koyar da shi. Kafin nan, mushen da ya tsaya ya sake bayani da Hausa bayan ya yi da Faransanci bai saɓa wa kowa ba, aikinsa ya yi.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Wani zai ce, to Abdu Mumuni ai ɗaya ne. Gaskiya ne. Amma shi ma wani malami ne ya fara koya masa tarawa da ɗebewa, kuma ba a rubuta sunan wannan malami a ƙofar kowace jami'a ba. Haka Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masanin kimiyyar sinadarai ɗan Maraɗi wanda ya riƙe ministan ilimi a zamanin Shugaba Jori Hamani, wanda jami'armu ta Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Jami'ar nan da aka kafa a 2010 tana da tsangayar kimiyya da fasaha, da ta noma, da ta lafiya, ga ta nan kusa da mu, tafiyar babur. Sai dai ƙofofin nan galibi ba sa buɗuwa sai ga mai bak, takardar kammala lise, a ɓangaren kimiyya, wato C ko D. Hanyar C da D kuwa tun a birbe take rabuwa. Yaron da ya tsani lissafi a katiriyam, aji na uku na kolej, ya rufe wa kansa likitanci da injiniyanci yana ɗan shekara 14, bai ma san ya rufe ba. Ku leƙa lise ku ƙirga ƴan ajin ƙarshe, wato taminal, na C, ku kwatanta da ƴan A. A wurare da yawa ajin C ɗin ma babu shi.

Ƙasar kuwa tana jira. Ana haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971. Matatar man Damagaram tana aiki tun 2011. An shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gabar teku a Benin. An kafa tashar lantarkin rana a Malbaza da ta Goru Banda. A 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kowa ya ɗanɗana abin da dogaro da wani ke jawowa. Duk wannan aiki in ba ɗanka ya iya shi ba, ɗan wani za a kira, a biya shi da kuɗinka.

To yaya muke riƙon mutumin da wannan hanya ke bi ta hannunsa? Galibin malaman ƙauye ƴan kwantaragi ne, kuɗinsu kaɗan, wani lokaci ma ya makara. An turo saurayi daga Dosso ko Tawa, bai san kowa ba, ba ɗakin kwana, iyalinsa na nesa. Aji cike, littafi ɗaya yara da yawa, wani ajin ma rumfar zana ce, kuma Maraɗi ba ta manta gobarar Nuwamba 2021 ba, wadda ta ci yara fiye da 20 a irin wannan rumfa. Da ya samu wata hanya sai ya tafi, sai a ɗora wa malamin wani fanni lissafi don kada aji ya zauna haka. Wannan kaso na hukuma ne, kuma muna kira gare ta da babbar murya: a biya malami a kan lokaci, a gina aji na ƙwarai, a ba malamin kimiyya dalilin zama a karkara.

Amma akwai namu kason, kuma ba ya jiran Yamai. Baƙon malami ya sauka garinku, mai gari da kwamitin iyayen yara su nema masa ɗaki mai kyau kafin ya fara tunanin komawa. A gaishe shi a masallaci, a kira shi suna da biki. Uba ya je makaranta ko sau ɗaya a wata uku ya ce, "Mushe, ya yaron nan yake?" Malami ya san bayan yaro akwai ido, shi ma yaron ya sani. A bar wa ɗalibi awa ɗaya da dare da fitila, don lissafi da hannu ake koyonsa, ba da kunne ba; wanda bai zauna ya yi ta gwadawa yana kuskure yana gyarawa ba, ko wane ne malaminsa ba zai iya ba. Kuma in an buɗe makaranta a watan Oktoba, kada a riƙe yaro a gona sai an gama ɗaurin dami. Darasin lissafi hawa-hawa ne, wanda ya rasa makonnin farko duk shekara yana bin baya.

Iyayena mata, ku nake so in fi roƙo. Yarinyar da ke riƙe muku kuɗin adashi ba ta ɓata ko dala, ita ce ake cirewa daga kolej a sankiyam. Tun Disamba 2017 akwai dokar da ta ce a kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Ko ba doka, ku tuna ranar da kuka je asibiti kuka so a ce mace ce za ta duba ku. Ungozoma da likita mace ta ajin lissafi suke bi. In mushe ya aiko cewa ɗiyarki tana da kai, ki yarda da shi, ki rage mata talla.

Ku kuma malamai, ƴan'uwana, ina da magana da ku. Akwai wanda ke alfahari da cewa ba mai cin rabin maki a ajinsa, yana ganin yawan sifili shi ne girman darasi. Wannan ba abin alfahari ba ne. Yaron da aka yi wa dariya a gaban allo sau ɗaya, da wuya ya sake ɗaga hannu. In ya ba da amsar da ba daidai ba, ka tambaye shi ta ina ya bi. Sau da yawa za ka tarar hanyarsa tana da hankali, wuri ɗaya kawai ya zame. Ka kira yarinyar da ke can baya ta yi shiru. Ka tara masu sha'awa ranar Laraba da yamma ku auna filin makaranta, ku lissafa ruwan da rufin aji zai tara a damina, ku buɗe tsohuwar fitilar rana ku ga abin da ke ciki. Ka kuma gaya musu labarin ɗan Tasawa da na malamin Katsina, don yaro ya fi saurin bin hanyar da ya san nasa sun taka.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa, na yara da manya. Ku zana hatimi mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance. Ku zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Zan taimaka muku da rabin hanya: in ka tara 1 zuwa 9 za ka samu 45, layuka uku ne, don haka kowane layi 15 zai ba da. Saura ku gano wace lamba ce dole ta zauna a tsakiya, da dalilin da ya sa wata ba za ta iya zama ba. Ƴan turwaziyam kuma, naku ya fi nauyi: hatimi mai gida 25, lambobi daga 1 zuwa 25, ku gaya mini jimlar kowane layi ba tare da kun cika gidajen ba. Wanda ya samu ya kai wa malaminsa na lissafi ya duba, wanda ya kasa ma ya kai masa. Za mu warware su tare a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.